Ranar da Surukina Ya Wuce Ni

Wata bakwai cur na yi ina gudu a gaban mutum tara, ba wanda ya taɓa wuce ni ko da taku ɗaya. Ina so a fara rubuta wannan tukuna, kafin mahassada su kawo nasu bayanin. A lokacin shekaruna sittin da shida, ina da tumbi daidai gwargwado, gwiwata ta hagu kuma tana ƙara kamar ƙofar shagon da aka daɗe ba a sa wa mai ba. Amma duk da haka ni ne a gaba.

Likita ne ya jawo. Na je asibiti da ciwon kai, ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya dubi abin, ya dube ni. Ya ce, "Baba, me kake yi da rana?" Na ce ina zaune a rumfata ina sayar da masara da dawa. "Da yamma fa?" Na ce ina zaune a ƙofar gida. Ya ce to zaman ya isa haka, jinina ya hau, in fara tafiya kullum da safe. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma na san idan likita ya cire tabarau kafin ya yi magana, babu wasa a ciki.

Na kai kukana wurin wani abokina, malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, Malam muke ce masa. Banufe ne. Ni kuwa kakana daga Katsina ya sauko Kontagora da jakunansa, saboda haka ni da Malam ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Bakatsine da tafiyar ƙasa? Ai ku sai a kan jaki."

"Kai dai da aka haifa cikin kwalekwale, me ka sani game da ƙasa?"

Washegari bayan sallar asuba sai ga shi a ƙofar masallaci da takalman kambas ƙafa biyu, ɗaya nasa, ɗaya nawa. Nawa ja ne jawur. Muka fara mu biyu. Bayan mako guda mahaucin layinmu ya shigo, mutum ne mai faɗi, in ya tsaya a ƙofa sai iska ta nemi wata hanya. Sai tela, siriri, mai surutu. A hankali muka cika tara. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu.

Ranar da muka fara gudu sosai, mun ba gari tsoro. A wannan zamani, a ƙasarmu, in aka ga dattijo mai furfura yana gudu da sassafe, ba a tsayawa tambaya. Wata mai ƙosai a bakin hanya ta kwashi kaskonta da wuta da komai ta bi mu. Mutum uku suka fito daga shagon shayi suka wuce mu a guje, ɗaya da kofi a hannu. Sai da Malam ya yi ta rantsuwa kafin suka yarda ba abin da ya biyo mu. A makon nan tela ya ɗinka mana riguna ruwan ɗorawa masu ɗaukar ido, don a san lafiya muke.

Filinmu shi ne hanyar Rijau, daga gidan man ƙarshe na bakin gari zuwa wata ƙatuwar tsamiya. Ba ma wuce tsamiyar nan, kowa ya san halin da daji yake ciki. Mu je mu dawo, mu je mu dawo. Malam ya auna da babur ɗinsa, ya ce zuwa da dawowa sau huɗu kilomita ashirin da ɗaya ke nan, wato rabin gudun fanfalaki. Ya kuma sanar da mu, fuska ba wasa, cewa shirin babban tseren Legas muke yi, kilomita arba'in da biyu. Mahauci ya tambaya ko ana tsayawa cin abinci a tsakiya.

Na goma ɗinmu surukina ne, mijin babbar 'yata. Bakaniken babur ne, haifaffen wani ƙauye kusa da Beri, shekarunsa talatin da huɗu, dogo, ba nama a jikinsa. Malam ne ya jawo shi, bai kuma gaya masa ina ciki ba. Ranar da ya zo ya gan ni cikin wandon roba da rigar tela, sai ya juya fuska yana kallon gidan mai kamar yau aka gina shi.

Dole in yi bayani a nan. Shekara tara yana auren 'yata, amma maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. In ya hango ni daga nesa, ya cire takalmi. In ya iso, ya tsuguna. Bai taɓa shiga gabana a hanya ba, bai taɓa dubana cikin ido ba. Kowa yana kunyar suruki, amma shi ya ɗauki abin ya ƙara masa gishiri. Da muka fara gudu, sai ya koma can ƙarshen layi, bayan mahauci. Na ce a raina, Allah sarki, ga tsawo ba ƙarfi. Har na yi niyyar in aika masa da zuma.

Ana nan sai Malam ya zo da labari. Wani jami'in wasanni zai zo daga Minna ya gwada mu a rabin tseren. Kujera ɗaya ce aka ware wa garinmu a motar da za ta kai 'yan gudun jiha Legas, kuma ba mai hawanta sai wanda ya gama cikin awa ɗaya da rabi. Sharaɗin jami'in shi ne ya ga ƙungiya ta mutum goma a kan layi, ba mutum ɗaya da 'yan kallo ba. Mu kuwa goma muke cif. Na koma gida na ce wa matata Hajiya ta fara wanke mini babbar jakata.

Tana tsince wake a faifai bayan la'asar. Ba ta ko ɗago ba.

"Alhaji, kai da gaske kake ka fi yaron nan gudu?"

"Wane yaro?"

"Mijin 'yarka."

"Ai ba ni na faɗa ba, hanya ce ta faɗa. Je ki tambayi mai ƙosai."

"Na tambaye ta. Ta ce ranar da ka tafi ɗaurin aure Tungan Magajiya, sai da ya je tsamiya ya dawo, mahauci bai kai gadar farko ba. Ta ce ta ɗauka babur ne."

Na ce mai ƙosai hayaƙi ya lalata mata ido. Hajiya ta ajiye faifan. Ta ce tun yana makarantar ƙauyensu ba wanda yake kama shi. An taɓa zaɓensa zuwa gasa a Minna, saura kwana biyu ubansa ya ce shuka ta fi gudu, ya cire shi daga makarantar gaba ɗaya. Ta ce 'yata ta gaya mata tun da aka kawo zancen kujerar nan ba ya iya cin abinci sosai. Shekarunsa sun ja, in wannan ta wuce shi, ba wata.

"To me ya hana shi gudu?"

"Ƙeyarka, Alhaji."

Ban yarda ba. Washegari na yi musu gwaji irin na masu ilimi. Muna cikin gudu sai na rage. Na kasa kunne, takun bayana ma ya ragu. Na koma tafiya. Duk suka koma tafiya. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, na juyo. Mutum tara a tsaye. Tela yana duba sararin sama ko za a yi ruwa, mahauci ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure, Malam yana kaɗa agogonsa kusa da kunne. Surukina yana can baya, ko ɗigon gumi babu a goshinsa.

Na ce, "Munafukai. Tun yaushe?"

Malam ya ce, "Tun ranar farko, Bakatsine. Kai ne babba. Wa zai shiga gabanka?"

"Har da kai?"

"Ni ai da baya-baya ma sai in wuce ka."

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo kamar minti biyar. Daga nan sai dariya ta kama ni, na zauna a kan dutsen bakin hanya. Na ce daga yau na yafe, duk mai ƙafa ya wuce. Muka sake tashi. Tela ya fara, "Gafara dai, Alhaji," ya wuce. Saura suka biyo ɗaya bayan ɗaya, kowa da gafararsa. Mahauci ma ya zo yana huci ta gefena, ya ce, "Alhaji, wata bakwai ina kallon bayanka, ashe gaba ma akwai gari."

Saura mutum ɗaya. Na ji takunsa ya matso, sai ya yi shiru. Na saci kallo. Ya tsaya, ya kwance igiyar kambas ɗinsa na dama, ya kwance ta hagu, ya cire takalman ya riƙe su a hannu, ya zo gefena a duƙe yana "Ina kwana, Baba, an tashi lafiya, ya gajiya, ya mutanen gida," ya wuce taku goma, ya zauna ƙasa, ya sake ɗaurawa. Malam yana kallon agogo. Minti biyu da rabi.

Da yamma Malam ya zana mana lissafin a ƙasa da tsinke. Tun da hanyar zuwa da dawowa ce, kuma yaron ya ninka ni gudu, zai haɗu da ni sau bakwai kafin ya gama, wani gaba da gaba, wani ta baya. Fiye da kwata na awa ke nan a tsugune. Shi kuwa ko babu ni a hanya, abin da yake rage masa cikin awa ɗaya da rabin nan bai fi minti biyu ba.

Na ce to in zauna a gida. Malam ya ce sai mu koma tara, jami'in ya naɗe takardarsa. Na ce a nemo wani ya cike gurbina. Amsa ta zo bayan kwana biyu ta hanyar da maganarmu da surukina take bi: daga shi zuwa matarsa, daga matarsa zuwa uwarta, daga uwarta zuwa gare ni, ta iso da ƙarin yaji. Wai in aka zaunar da Baba saboda shi, ya fasa gudun.

Na gwada yi masa magana da kaina. Na sa aka kira shi ƙofar gida. Ya tsuguna yana kallon ƙasa, ni ina kallon bishiyar maƙwabci.

"An ce ana so a riƙa wucewa kawai."

"To, Baba."

"Ba sai an tsaya ba."

"To, Baba."

Washegari ya tsaya, ya cire takalmi. Abin da ya ƙaru shi ne ya ɗan fi saurin kwance igiyar.

Tela ne ya fitar da mu. Muna shan koko bayan gudu, sai ya ce, "Jama'a, in yaron bai ga Alhaji ba fa?" Kwana biyu bayan nan ya zo da wani dogon ƙyalle da ya harhaɗa daga ragowar atamfofin bikin mutane, kore da ja da mai hoton kifi, ya ɗinke bakinsa biyu a jikin sandunan gora. Tsarin shi ne mahauci ya riƙe sanda ɗaya a gabana, tela ya riƙe ɗaya a bayana. Duk wanda ya fara hango yaron ya yi ihu, su kuma su ɗaga ƙyallen tsakanina da hanya har ya wuce. Na ce ni ba amarya ba ce. Malam ya ce amarya ai ana marmarin ganinta.

Kada wani ya ɗauka surukina wawa ne. Ya san wanda yake bayan labulen nan. Jan kambas ɗina yana leƙowa ta ƙasa, tarina kuma duk Kontagora an san shi. Amma an ba shi wurin da zai ajiye idonsa, ya kuwa ajiye. Ranar gwajin farko ya wuce mu kamar iska, ƙyallen ya kaɗa ya mare ni a fuska. Muka yi ta shewa kamar mun ci kofi.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, damina ta kusa ƙarewa, dawa ta yi kai a gefen hanya, garin da sanyi-sanyi. Jami'in ya kafa teburinsa a gaban gidan mai, da agogo biyu a wuya. Ya ƙirga mu, goma. Ya dubi sandunan.

"Wannan kuma tutar ƙungiya ce?"

Malam ya ce, "Kayan aiki ne, ranka ya daɗe."

Aka busa usur. Haɗuwa ta farko, tun yaron bai fi girman ɗan tsako ba a nesa, wani daga cikinmu ya kwarma, "Labule!" Na gaba ya karɓa, "Labule!" Aka ɗaga, ya wuce. Ta biyu, ta uku, haka. Kafin ta huɗu mutanen bakin hanya sun gane wasan. Masu shayi suna ihu, 'yan acaɓa suna ihu, mai ƙosai ta fi kowa murya, "Labule, mahauci, labule, ga shi nan!" Kowane ɗaya daga cikinmu in yaron ya wuce shi sai ya jefa masa magana. Wani ya ce ya ɗaga ƙafa, wani ya miƙa masa ledar ruwa a guje, Malam yana faɗa masa lokaci. Ni kaɗai ne ba ni da bakin magana, ina bayan hoton kifi ina addu'a.

Sau shida lafiya lau. Muna dawowa daga tsamiya karo na biyu, shi kuma yana zagayensa na ƙarshe, sai mahauci ya fara tangaɗi. Mutumin nan bai taɓa gudu mai nisa haka da hannu a sama ba. Ya kai gindin wani mangwaro, ya zube zaune, ya miƙa wa tela sandarsa.

"Ku gaya wa iyalina na yi ƙoƙari."

Tela ya rungumi sanduna biyu shi kaɗai. Mun hango rufin gidan mai ke nan sai ihu ya taso daga baya, "Labule!" Tela ya buɗe hannuwa iya ƙarfinsa, iska ta shiga ƙyallen, ta naɗe shi da shi tun daga kai har gwiwa, ya gangara cikin dawar mutane yana salati.

Na rage ni kaɗai a tsakiyar hanya, ba abin da ya rufe ni. Na ji takun nan da na sani yana matsowa, na ji ya fara raguwa. Daga ɗaya gefen Malam yana tsalle yana nuna agogo, "Saura minti biyu! Minti biyu!" Na juya. Yaron ya tsaya taku biyar a bayana, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, ya duƙa, hannunsa ya kai kan igiyar takalmi.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Muryar da nake yi wa 'ya'yan cikina in sun ɓata mini rai ita ce ta fito.

"Kai! Don gidanku, saki igiyar nan!"

Ya ɗago ya dube ni tsakiyar ido, karo na farko a shekara tara. Ashe ma idonsa manya ne.

"Ni za ka kunyata a gaban Banufe? Wuce, ja'iri! Wuce kafin in ci maka mutunci!"

Na cire hulata na jefe shi da ita. A wurinmu ba a zagin suruki, ko da wasa. Ɗan da ka haifa kaɗai kake yi wa haka, kuma duk wanda yake bakin hanyar nan ya san wannan. Shi ma ya sani. Sai na ga bakinsa ya buɗe da dariya, ya miƙe, ya wuce ta gefena da takalminsa a ƙafa, har kafaɗarsa ta gogi tawa. Na bi shi da iya abin da ya rage mini ina ihu, ban ma san me nake cewa ba. Gaba ɗaya hanyar ta ɗauka.

Ya taɓa teburin jami'in saura daƙiƙa ashirin.

Ni kuwa rabin tafiyata na yi, saura zagaye biyu. Na yi niyyar in zauna, tun da an samu abin da ake nema. Sai na ga sun taru, har da mahauci da ya farfaɗo da tela da ganyen dawa a gashinsa. Malam ya ce goma muka fara, goma za mu gama, ko da azahar za mu kai. Waɗanda suka riga ni suka rage gudu, suka sa ni a tsakiya. Surukina, wanda ya gama nasa, ya kawo mini hulata ya kakkaɓe, sannan ya jera da ni kafaɗa da kafaɗa. Muka yi nisa a haka. Can sai ya yi gyaran murya.

"Baba, ka rage faɗin taku. Numfashinka ya yi sama."

"Kai za ka koya mini gudu?"

"A'a, Baba."

"To koya mini mana."

Ya koya mini. Na gama cikin awa uku da rabi da 'yan mintocin da ba su shafi kowa ba. Jami'in ya riga ya naɗe teburinsa, amma ya tsaya ya tafa mini. Kwana huɗu a zaune nake sallah.

Da na shiga gida a ranar, labari ya riga ni. Hajiya tana tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"An ce ka zagi mijin 'yata a bainar jama'a."

"Na zage shi."

"Har da jifa."

"Har da jifa."

Sai ta ce in zauna ta ɗora mini ruwan zafi.

Legas kuwa ya je, ya gama kilomita arba'in da biyun nan da ƙafarsa, ya dawo da lambar ƙarfe a wuya da farce biyu da suka yi baƙi. Amma ni ranar tafiyarsa na fi tunawa. Mu tara muka raka shi tasha cikin rigunanmu ruwan ɗorawa. Mahauci ya cusa masa ƙunshin kilishi ta taga, ya ce kada ya yarda ya ci naman Legas. Da motar Minna ta tashi, ba wanda ya shirya, sai kawai muka bi ta da gudu. Direban ya ga abin, ya rage wuta, ya bar mu muna biye har ƙarshen gari, yaron ya fito da kai ta taga yana ce wa mahauci ya ɗaga ƙafa.